Kira A Ruwa Sai Da Mai Amsawa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan za mu buɗe maganarmu ta yau, wadda mu ke so mu yi da jama'ar Kaduna, tun ba mazauna ƙetaren kogi ta kudu ba, da shugabannin ƙananan hukumominsu, da akawuna da malaman makaranta, waɗanda kullum su ne idon talakawa da kunnensu. Maganar kuwa a kan wani ɗan akwati ce wanda a ke riƙewa a hannu guda, watau rediyon hannu irin na masu jiragen ruwa, wanda mutanenmu su ke kira oba-oba. A ƙasashen da su ke bakin teku ya zama kayan aikin yau da kullum ga masunta da matuƙa. Mu a nan mun san shi a hannun 'yan sanda da soja da masu gadi, amma ba mu saba ganinsa a hannun mai fito ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, lalle ya kamata wannan rediyo ya shiga jiragen kogunanmu. Amma fa sayensa shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne a ajiye mutumin da zai kasa kunne dare da rana a bakin ruwa, da jirgi a ɗaure kusa da shi, domin in an yi kira a amsa. In ba a yi wannan ba, an dai ɓad da kuɗi, kuma an ruɗi mai fito, ya shiga ruwa yana tsammani yana da gata alhali ba shi da kowa.

Halin Kogin

Duk wanda ya zauna Kakuri ko Makera, ko Barnawa da Narayi, ko Nasarawa, ko Sabon Tasha da Unguwar Romi, ya san kogin Kaduna fuska biyu gare shi. Da rani sai ka ga duwatsu a fili, masu wanki sun shanya tufafi, yara suna tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Da marka kuwa, cikin Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya yi ja, yana tafe da itatuwa da tarkace, har wanda ya ke bisa gada ma gabansa ya kan faɗi in ya leƙa. Manya ba su manta da ambaliyar Agusta 2003 ba, da ta Satumba 2015, sa'ad da ruwa ya shiga unguwannin bakin kogi ta ko wane ɓangare, mutane suka kwana bisa rufin ɗaki suna jiran wanda zai ɗauke su. A 2012 kuwa, da ruwa ya ci ƙasar nan tun daga Binuwai har Kwara, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta lissafta mutum 363 da suka rasu, da sama da miliyan biyu da suka bar gidajensu.

A irin wannan rana, wa ke fara zuwa? Masunta ne da masu ɗiban yashi da masu fito, da 'yan kwalekwalensu, gama su ne ke kusa, su ne kuma suka iya ruwa. Sai dai ko wannensu yana aiki ne da idonsa da muryarsa kawai. Wanda ya ke Nasarawa bai san abin da a ke ciki a Romi ba. Jirage uku su kan taru a lungu ɗaya, alhali a wani lungun ga tsohuwa da jikoki ruwa ya kai musu ƙirji.

Kada kuma mu ɗauka kogin nan ya ƙare a gindin gadar garinmu. Daga kusa da Vom a tudun Jos ya taso, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a Muregi, daura da Fategi. A hanya an datse shi a Shiroro, inda aka gama madatsa a 1990, sa'an nan aka sake datse shi a Zungeru. Ko wace madatsa ta haifi tafki mai faɗi, mai igiyar ruwa in iska ta taso, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna ɓoye a ƙarƙashi. A kan waɗannan tafkuna jirage ke ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi zuwa kasuwanni irin ta Zumba. Saboda haka maganar ta shafi 'yan'uwanmu tun daga nan har bakin Kwara.

Abin Da Ruwa Ya Ci

Ba don mu tayar wa kowa da tsohon miki ba, amma dole mu tuna. Ran 26 ga watan Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja da mutum fiye da 150 za shi Wara, cikin ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka fid da da rai a ranar ashirin ne da 'yan kai. Ran 30 ga watan Nuwamba na wannan shekara jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai cikin Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya daga Badau. Cikin Yuni 2023 masu komowa daga biki suka kife da tsakar dare a Kwara, wajen Fategi, aka rasa sama da mutum 100. Daren 1 ga watan Oktoba 2024 kuma jirgi mai ɗauke da kimanin mutum 300 ya nutse wajen Gbajibo a ƙasar Mokwa, aka ceci kimanin rabinsu.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ta ba: rediyo ba zai hana irin wannan ba. Abin da ke kifar da jirgi shi ne lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da ruɓaɓɓen katako, da kututture. Abin da ke hana mutum nutsewa kuwa rigar ruwa ce. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwatarta a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, muna kuwa goyon bayanta a kan haka ba tare da wani sharaɗi ba. Wanda ya sayi oba-oba don ya sami dalilin ƙara lodi, ya sayi makara ne.

Amma a duba wani abu. A cikin ko wane haɗari akwai waɗanda su ke tafiya nan take, akwai kuma waɗanda su ke maƙale da katako, ko jarka, ko reshen itace, ko bayan jirgin da ya kife. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Waɗannan bayin Allah suna iya jurewa na ɗan lokaci, sa'an nan hannu ya gaji. Ransu yana rataye ne a kan abu guda, watau tsawon lokacin da labari zai ɗauka kafin ya kai ga mai jirgi na kusa. Wannan lokacin ne rediyo ya ke gajartawa. Har wa yau, sau da yawa haɗari ya kan ba da sanarwa kafin ya auku: inji ya mutu, ko ruwa ya fara shiga ta gindi, ko hadari ya haɗo daga gabas. Matuƙin da ya iya faɗa tun a lokacin, ya ba masu ceto rabin sa'a kyauta.

Ina Laifin Salula?

Wani zai ce, to, ina amfanin wannan, tun da ya ke kowa yana da wayar salula a aljihu, ga kuma lamba 112 ta neman agaji? Tambaya ce mai kyau, ga amsarmu.

Da fari, salula da mutum ɗaya ta ke haɗa ka, shi ma sai wanda ka san lambarsa, sai kuma in ya ɗauka. Alhali wanda zai cece ka a ruwa galibi ba ka san shi ba, wani masunci ne a bayan kwanar kogi yana jan komarsa. Rediyo kuwa kamar shelar sanƙira ya ke: in ka yi magana, duk wanda ya ke kusa da nasa a kunne ya ji a lokaci guda. Na biyu, salula ba ta aiki sai da ƙarfen sabis, ƙarfen kuwa yana bukatar wuta, yana bukatar mai, ba ya kuma kai wa ko wane saƙo na tafki. Mutanen Kaduna sun ga misali da idonsu, sa'ad da aka rufe layukan waya a waɗansu sassan jihar saboda tsaro, daga ƙarshen Satumba har wajen ƙarshen Nuwamba 2021. Rediyo daga hannu zuwa hannu ya ke tafiya, babu ruwansa da ƙarfen kowa, ba a kuma sa masa kati. Na uku, salula ba ta shiri da ruwa. Jiƙaƙƙen yatsa ba ya latsa gilashi, in kuwa ta faɗa kogi shi ke nan. Rediyon jirgi don ruwa aka ƙera shi, da yawa daga cikinsu in sun faɗa sai su taso sama, waɗansu har da 'yar fitila mai ƙiftawa don a gan su cikin duhu. Lamba 112 kuwa abu ce mai amfani, a riƙe ta, sai dai mai amsa ta yana ofis ne, shi ma sai ya nemi wanda ya ke da jirgi. Ba mu ce a yar da salula ba. A sa ta cikin leda a ɗaure, ta zama ta biyu.

Yadda Ya Ke Aiki

Domin malamai su sami abin gaya wa almajiransu, bari mu ɗan yi bayani. Irin wannan rediyo yana aiki a zangon da a ke rubutawa VHF, tsakanin megahaz 156 da 162. An rarraba zangon layi layi, ko wane da lambarsa. Duniya duka ta yarda layi na 16, watau megahaz 156.8, shi ne na neman ceto da na fara kira. In mutum biyu suka sadu a 16 don wata magana ta aiki, sai su koma wani layi, su bar shi a buɗe. Na hannu ƙarfinsa ba ya wuce wat 5 ko 6, a kan kuma rage shi zuwa wat 1 in ana magana da na kusa, don batir ya daɗe. Wanda a ke kafawa a ɗaki ko a babban jirgi ya kan kai wat 25.

Muryar wannan zango miƙe ta ke tafiya kamar ganin ido. Tudu ya kan tare ta, kurmi da manyan gine-gine su kan rage ta. Saboda haka tsawon eriya ya fi ƙarfin akwati muhimmanci. Bisa lissafi, mutum biyu da ke tsaye cikin jirage, ko wanne rediyonsa mita 2 daga fuskar ruwa, iyakar abin da za su ji juna shi ne wajen kilomita 11 a shimfiɗaɗɗen ruwa, a kogi mai kwana da itatuwa kuwa abin ya kan ragu ƙwarai. Amma in aka ɗaga eriyar mai saurare mita 25 bisa tanki ko dogon bene, lissafin ya kan kai wajen kilomita 26. Watau eriya ɗaya a wuri mai tsawo tana iya jin mafi yawan kogin da ya ratsa garin Kaduna.

Abu na ƙarshe wanda baƙo ya kan manta: ba a magana da saurare a lokaci guda. Sai ka danna madanni ka yi magana, ka sake shi ka ji amsa. Shi ya sa mai magana in ya gama ya kan ce "oba", watau na gama, saura kai. Daga nan sunan oba-oba ya samo asali. Wanda tsoro ya kama shi ya damƙe madanni bai saki ba, ba zai ji mai amsa masa ba, ya kuma toshe layin ga kowa.

Darasin Taitanik

Yanzu mu zo ga zuciyar magana. Daren 14 ga watan Afril 1912 babban jirgin Ingila mai suna Taitanik ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika, da mutum fiye da 2,200 a ciki. Yana da wayar iska mai kyau, ma'aikatanta kuwa suka yi ta aika kira har ruwa ya kusa cin ɗakinsu. Akwai wani jirgi, Kaliforniyan, tsaye bai kai mil 20 daga wurin ba. Ma'aikacin wayarsa guda ɗaya ne, ya gaji, ya kashe akwati ya kwanta jim kaɗan kafin a fara kiran. Wanda ya ji shi ne ma'aikacin wani jirgi mai suna Kafatiya, yana nesa da mil 58, shi ma yana shirin kwanciya ne, Allah ya sa bai riga ya kashe akwatinsa ba. Kafatiya ya juyo ya yi gudu iyakar ƙarfinsa, amma bai iso ba sai wajen ƙarfe 4 na asuba, Taitanik kuwa ya nutse tun ƙarfe 2 da minti 20. Aka tsami kimanin mutum 700, sama da 1,500 suka halaka.

Ku duba fa, akwati yana nan a jirage ukun duka. Abin da ya bambanta su shi ne kunne. Daga wannan masifa ne ƙasashe suka taru a London suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku ta 1914, aka ɗora wa manyan jirage nauyin saurare ba yankewa. Har yau ƙasashen bakin teku suna da ofisoshin da aikinsu ke nan. Nijeriya ma tana da cibiyar tsara ceto a teku, tana Ikko. Amma tsakanin Ikko da Kaduna ya fi kilomita 600, muryar oba-oba kuwa mun ga iyakarta. Saboda haka muna tambayar shugabanninmu: in yau da dare mai fito ya danna layi na 16 a ƙarƙashin gadar Nasarawa, wane ne aka ɗora wa alhakin amsa masa? In babu amsa ga wannan tambaya, to, nan ya kamata a fara.

Yadda A Ke Kira

Kalmomin kira uku ne, daraja daraja. Mafi girma ita ce "Mede", ba a faɗinta sai rai yana cikin haɗari nan take. Wani ma'aikacin wayar iska a filin jirgin sama na Kuroidon kusa da London, mai suna Mokfod, shi ya ƙago ta a 1923 daga wata kalmar Faransanci mai nufin a taimake ni, taron ƙasashe na Washington ya karɓe ta a 1927. Ta biyu "Pan-pan", ga matsala mai gaggawa wadda ba ta kai ga halaka ba tukuna, kamar inji ya mutu ruwa yana jan jirgi. Ta uku "Sekurite", don gargaɗi, kamar ga kututture a hanya, ko ga hadari tafe, ko za a saki ruwa daga madatsa.

Mai neman ceto ya kunna, ya sa 16, ya sa ƙarfi mafi girma, ya riƙe akwatin a tsaye eriya tana duban sama, ya danna ya faɗi abu biyar a jere: wane ne, ina ya ke, me ya faru, mutum nawa, me ya ke bukata. Ga misali: "Mede, Mede, Mede. Jirgi mai lamba bakwai ne, lamba bakwai, lamba bakwai. Muna ƙasa da gadar jirgin ƙasa, kusa da gaɓar kudu. Jirgi ya fashe, ruwa yana shiga. Mu goma sha huɗu ne, biyar yara. A kawo jirgi. Oba." Sa'an nan ya saki, ya saurara, in shiru ya maimaita. Wanda ya ji kuwa, ya bar duk maganar da ya ke yi, in yana kusa ya amsa ya nufi wurin, in yana nesa kuma ya ji ba wanda ya amsa, ya miƙa kiran gaba.

A teku da Turanci a ke yin wannan. A kogunanmu ba mu ga dalilin haka ba. A riƙe kalmomin nan uku yadda duniya ta san su, sauran bayani a yi da Hausa, ko Nufanci, ko Gwaranci, duk wanda mai saurare zai gane da sauri. Akwai rediyo na zamani masu jan madanni, wanda in an danna sai ya aika lambar jirgi da inda ya ke ta layi na 70. Abu ne mai kyau inda a ke da akwatin karɓarsa. A wurinmu dai sunan dutse da na mashigi wanda kowa ya sani ya fi saurin kai mai ceto.

Masu Ja Da Magana

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Waɗansu za su ce a wannan zamani na 'yan bindiga, baza oba-oba a bakin ruwa ba wa ɓarawo tsani ne. Amsarmu ita ce, layin jiragen ruwa a buɗe ya ke, ba shi da asiri, duk abin da aka faɗa jami'in tsaro ma yana ji. Sa'an nan dokar wayar iska ta 1961 ta riga ta hana riƙe irin wannan akwati ba lasin. Abin da mu ke tsoro ma shi ne kishiyar wannan: talaka mai fito ya sayi nasa da kyakkyawar niyya, a tare shi a hanya a ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Maganin duka biyu ɗaya ne, a rubuta ko wane akwati da lambarsa da sunan mai riƙe da shi, a ba shi takardar shaida, jami'an tsaro su san da zamansa.

Waɗansu za su ce tsada. Kuɗin rediyon hannu bai wuce na salula mai kyau ba, bai kuwa kama ƙafar kuɗin injin jirgi ba. In mutum ɗaya bai iya ba, ƙungiya ta iya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗansu kuma za su ce wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsare shi. Haka ne, ba mu ja da wannan. Amma iyayenmu da suka san haka su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka, su ne suka naɗa Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi, don a sami mai tsawatawa da mai shiga ruwa in abu ya faru.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Na ɗaya, Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, tare da 'yan'uwansu na arewacin kogi, su kafa wurin saurare guda, da doguwar eriya, da batir mai cin hasken rana don kada a dogara ga wutar gari. A sa mutane su riƙa karɓar juna, dare da rana, aƙalla daga Yuni zuwa Oktoba. Ofishin 'yan kwana-kwana ya dace da wannan, tun da ya ke sun saba da kwanan zaune.

Na biyu, a ajiye jirgi mai inji a ko wace gaɓa, da mai a tanki, da igiya da fitila da rigunan ruwa, da sunayen masu iyo waɗanda za a tasa. Jin kira ba tare da abin zuwa ba, ƙarin baƙin ciki ne kawai.

Na uku, kada a raba rediyo a filin taro kamar yadda a ke raba atamfa. A ba da shi ta hannun ƙungiyoyin masu fito da masunta da masu yashi, da sanin sarakunan ruwa da masu unguwanni, hukuma ta nema musu lasin a dunƙule, kada a bar ko wane talaka da yawon ofis.

Na huɗu, ko wace safiya mai saurare ya kira mashigai ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu tsawon ruwa da halin sama, su amsa. Da haka za a san akwatin da ya mutu tun ba a bukace shi ba, bakin mutane kuma ya saba. Na biyar, wanda ya yi kiran ƙarya, ko ya mai da layi na 16 dandalin hira, a karɓe akwatin a hukunta shi.

Ga Akawu Da Malami

Tun gyaran 1976 ƙananan hukumomi suka gaji aikin En'e, mafi kyaun abin da akawunan dā suka bari kuwa shi ne riƙon littafi. Wannan aiki naku ne, ya ku akawuna. Littafin jirage: lambar ko wanne, da mai shi, da yawan mutanen da ya ke ɗauka. Littafin rediyo: wa ya karɓa, yaushe aka gwada, yaushe aka sake batir. Littafin kira: ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka amsa, ƙarfe nawa jirgi ya isa. Wannan na ƙarshe shi zai nuna ko ana aiki ko ana barci, kada kuwa a ji kunyar karanta shi gaban majalisa ko wane wata.

Ku kuma malamai, yaran da ke gabanku su ne ke shiga jirgi zuwa makaranta da kasuwa da biki, su ne kuma suka fi yawa cikin waɗanda aka binne a Bagwai. Ku zana taswirar kogi a allo, ku sa su tambayo iyayensu sunan ko wane dutse da mashigi da tsibiri, a rubuta, a kai wa mai saurare kofi. Ku koya musu abubuwan nan biyar har su iya faɗinsu ido a rufe. Wata rana matuƙi ne zai fara faɗawa ruwa, akwatin ya rage a hannun yarinya 'yar aji biyar.

Tun rigingimun 2000 da 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya, kowa ya koma gaɓar da ya fi samun kwanciyar rai. Ruwa dai bai san wannan iyaka ba, in ya tashi gaɓa biyun ya ke ci. Layi na 16 ma haka, wanda ya yi kira daga kudu za a ji shi a arewa, mai kwalekwalen da zai miƙa masa filafili kuwa ba zai tsaya tambayar sunansa ba. Muna roƙon hukuma ta zauna da masu fito tun da rani, ruwa yana ƙasa, a gama shiri kafin marka. Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin.